Baƙon Turai a Gonar Masara

Ko me zan manta, ba zan taɓa manta daminata ta biyu da fara koyarwa ba, a wata sakandare da ke Badarawa, zamanin mulkin soja. Ni ne malamin kimiyya, ga kwat cikin zafi, ga tabarau (lafiyar idona ƙalau). Lokacin ana neman wanda za a ba shugabancin sashen kimiyya, ni kuwa na ƙwallafa rai.

Wata Asabar ina ratsa gonakin bayan unguwa sai na hango wani tsuntsu cikin masara, ruwan hoda tun daga wuya har wutsiya. Na bincike littafin tsuntsaye na makaranta kaf, babu irinsa. Mai hankali manoma zai tambaya. Ni kuwa na yanke hukunci baƙo ne daga Turai, har na fara tunanin sunan da masana za su sa masa (nawa mana, na wa kuma?).

Ranar Litinin na tasa shugaban makaranta da 'yan aji biyar a gaba, sai gona. Na sa kowa ya durƙusa cikin taɓo, har da shugaba da farar shaddarsa. Ga tsuntsu yana ta kiwonsa. Na yi ƙasa da murya:

"Ranka ya daɗe, sahara ya keto. Motsi kaɗan zai ji, sai Turai."

Ban rufe baki ba sai ga Maman Hanatu, dattijuwar da ke soya ƙosai a ƙofar makarantarmu, ɗauke da kwanon tsaki. Ta ƙare mana kallo.

"Lafiya dai, 'ya'yana? Addu'a ake yi?"

Sai ta karkaɗa kwanon: "Kur-kur-kur!"

Baƙon Turai ya sheƙo a guje, ya tsallake ƙafata, ya tsoma kai cikin kwano.

"Ai zabuwata ce, Malam. Fara ce, na rina ta da galura don ta daina sajewa da na maƙwabta ana rigima."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shugaba ya miƙe, ya dubi gwiwar wandonsa, ya dube ni.

"Malam, ashe Turai ta matso kusa."

Shugabancin sashe dai Malam Bitrus aka ba, bawan Allahn da bai taɓa gano komai ba, sai zuwa aji kan lokaci. Ni kuma ɗalibai suka raɗa mini Malam Zabo, har na bar makarantar da shi ake kirana.

Yanzu in na ga abin al'ajabi a gonar mutane, mai gonar nake fara yi wa sallama. In kuwa dole sai na kira shugabana, to a tsaye nake barinsa.