Rasuwar Ladidi, Mota Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da hayaƙi bai gama fita daga cikinsu ba, Malam Sharfaddeen na Taman Melati, ɗalibin digiri na uku a fannin injiniya kuma direban tsere ranakun Lahadi, yana sanar da 'yan uwa mazauna Kuala Lumpur rasuwar motarsa Ladidi. Ta cika ranar Lahadi da hantsi a filin tsere na Sepang, tana da shekara ashirin da shida a duniya.

Marigayiyar ta yi ƙuruciyarta tana kai wata tsohuwa kasuwa, kafin ƙaddara ta haɗa ta da Malam. Shi ya cire mata kujeru ya bar guda ɗaya, ya sa aka yi mata kejin ƙarfe a ciki, ya shigar da ita gasar motocin gida. Tsere goma sha tara suka yi tare. Duk wanda ya san ta zai shaide ta da kunya: ba ta taɓa wuce na gaba da ita ba, kuma ta ɗauki kowace mota a filin nan a matsayin yayarta. Da safe sai an lallaɓa ta, ta yi "kyar-kyar-kyar", ta yi tari biyu, sannan ta amsa. Sau ɗaya ta zo ta goma sha ɗaya cikin motoci goma sha biyu, saboda ta ƙarshen ba ta tashi ba. Ranar, Malam ya tara jama'a a mamak, wato shagon mai shayi na ƙasar nan, ya saya wa kowa shayi.

Shekara huɗu uwargida Fatsuma tana hawa jirgin ƙasa da yara biyu, alhali ga mota a ƙasan bene mai kujera ɗaya. A farkon bana ta yanke hukunci: ko Ladidi ta shiga goman farko ko da sau ɗaya ne, ko Malam ya rataye hular kwano har abada. Ya amince, har da rantsuwa, don a lokacin shekarar tana da tsawo. Tseren ranar Lahadi shi ne na ƙarshe.

Ciwon ajali ya fara ranar Alhamis da yoyon lagireto. Bakaniken unguwa ya duba ya ce sai an sa sabo, kuma sai bayan mako guda. Malam ya kira Kawu Maitama, tsohon bakanike a Ƙofar Ruwa ta Kano. Kawu ya yi dariya ya ce garin kuka cokali uku yana toshe kowace ɓula, da shi suka taɓa kai tirela har Agadas. To, ai ka ji! Mai digirin injiniya ya yi nazari ya ga cewa motar tsere ta fi ƙarfin cokali uku, ya juye gwangwani guda. Ita ce kukar ƙarshe da ta rage wa Fatsuma cikin wadda mahaifiyarta ta aiko.

Ranar tsere aka kece da ruwa. Masu gaggawa suka riƙa sulɓewa cikin ciyawa, Ladidi kuwa da ba ta san gaggawa ba tana tafe abinta. Malam ya ɗaga ido ya ga allo: ta takwas. Wallahi kuka ya yi a cikin hular nan, kukan daɗi. Saura zagaye biyu allurar zafi ta miƙe tsaye. Ladidi ta yi "ɓul-ɓul-ɓul" kamar tukunya a murhu, ta saki koren tururi, ta ce "fyuuu", ta tsaya cik a gaban rumfar 'yan kallo, inda Fatsuma ke zaune, zuwanta na farko. Motoci suka wuce ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta ɓata minti biyar a ciyawa. Fatsuma ta sauko, ta shaƙi iska, ta dubi Malam ta ce, "Abban Bilqis, ƙamshin miyata nake ji."

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu, uku daga ciki sun yi sanƙo. Hon mai lafiya ƙalau. Da mai gida wanda tun ranar bai iya haɗa ido da tukunya ba.

Janwe zai ɗauke ta ranar Asabar ƙarfe goma zuwa wurin 'yan gwangwan a Sentul. An ɗauke wa Kawu Maitama nauyin kiran waya. Masu ta'aziyya za su sami Malam kowace safiya a tashar jirgin Taman Melati, yana bin layi da jakar littattafansa. Iyali suna roƙon alfarma ɗaya: wanda ya tarar da shi a layin, don Allah ya tsaya a bayansa, kada ya wuce shi. An wuce shi, ya isa haka.