Rasuwar Injin Iska na Tafkin Bayan Gida

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Tela da iyalansa ke sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Injin Iska na tafkin kifin da ke bayan gidansu. Ya cika jiya da hantsi, yana da shekara shida a bakin aiki. A yi haƙuri da rubutun, don Tela a tsaye yake faɗa ana rubutawa, kuma kowace jimla biyu sai ya ruga bayan gida da bokiti.

Marigayin bai fi tulun shayi girma ba, amma shi ke riƙe da numfashin karfasa arba'in da ɗaya. Daga kan bulonsa yake tura iska ta siririyar mesa zuwa ƙasan ruwa, kumfa na tashi ba dare ba rana. Bai taɓa neman hutu ba. Maganarsa ɗaya ce tak, "zzzzz", in an kawo wuta da ƙarfi ya ƙara da "tik-tik". Mutanen gidan sun saba da muryarsa har sun daina jinta, sai jiya da ta ɗauke kowa ya ji gidan ya yi faɗi.

Ya kamata a sani cewa tafkin na uwargidan Tela ne. Ita ta sa aka haƙa, ita ke kwashe ganye, ita ke canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk mako. Kwana goma da suka wuce ta tafi wurin 'yarsu da ta haihu. A bakin ƙofa ta bar wasiyya guda:

"Malam, ka ba su abinci sau biyu. Injin kuma kada ka taɓa shi."

To, Tela mutum ne da idonsa ba ya iya ganin abu tsirara. Rediyon gidan na da riga, fanka na da riga, har butar alwala ta sha da ƙyar. Da ya ga marigayin zaune cikin rana da yayyafi, sai tausayi ya kama shi. Ya ɗauko tef ya auna shi, ya ɗinka masa riga ta yadi mai kauri, da shafi a ciki, da zif a baya. Ɗinkin ya zauna ɗas, ko allura ba za ta sami hanya ba. Iska ma ba ta samu ba.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Kwana biyu muryarsa na dishewa, jikinsa ya yi zafi, Tela ya ɗauka sanyi ne ya kama shi, ya ƙara ja masa zif. Mai gyaran lantarki da aka kira ya shinshina gawar, ya juya rigar, ya yaba ɗinkin, sannan ya ce ramin da injin ke shaƙar iska ne aka toshe, koyil, wato naɗin wayar da ke cikinsa, ya ƙone ƙurmus. Tela ya zauna a kan bulon marigayin.

Ya rasu ya bar mesa mai tsawon kamu huɗu, da dutsen kumfa da ke bakin mesar, da karfasa talatin da takwas. Ragowar ukun sun bi shi kafin la'asar, cikinsu har da babbar nan mai tabo a wutsiya, wadda uwargida ta fara tafkin da ita, take cin abinci a tafin hannunta. Sauran suna saman ruwa, baki a buɗe, suna haki. Tun jiya Tela ke ɗibar ruwa yana ɗaga bokiti sama yana kwararo shi, don iska ta shiga. Kafaɗarsa ta sage, amma da ya tsaya sai bakunan su sake fitowa. Tsoro yake ji, kuma ya faɗa da bakinsa.

Da safen nan uwargida ta bugo waya. Kamar kullum, ta ce a kai wayar bakin tafki ta gaisa da kifinta. Ta kasa kunne tana saurare.

"Malam, ban ji injin ba. Me ka ɗinka masa?"

Gobe da azahar za ta iso. Sabon inji kuwa sai jibi, in ji mai shagon injuna.

Za a yi jana'iza bayan isowarta, a gindin lemon da ke bayan gida, idan ta yarda a binne shi shi kaɗai. Ba a buƙatar likkafani, marigayin zai tafi da rigarsa. Masu zuwa ta'aziyya kada su zo da tabarma, babu wurin zama. Kowa ya riƙo bokitinsa, za a karɓi gaisuwa a bakin tafki, mutum biyu-biyu, rabin awa-rabin awa, har zuwa jibi.

Iyalai na kuma roƙon duk wanda ya ga Tela ya doshi shagon injuna ya laluba aljihunsa ya karɓe tef ɗin. An ji shi ɗazu yana tambayar mai shago faɗin sabon da tsawonsa.