Farfesa Kushin Uku Ya Gyara Tebur

Duk wanda ya zauna a Thamesmead bai san Alhaji Masawudu ba, to zaman banza ya yi. Mutum ne da Allah ya hore wa ilimin da ba a koyarwa a kowace makaranta, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin takardarsa. Da rana motoci yake bi yana manna musu tikitin tara, amma in ka tambaye shi aikinsa, sai ya gyara zaman hula ya ce gwamnati yake ba shawara kan harkar sufuri.

Abu ɗaya ya tsaya masa a maƙogwaro: kujerar shugaban ƙungiyar 'yan Arewa ta unguwar. Abokin takararsa Dakta Almu ne, likita na gaske, mai shiru-shiru. To da me za ka kayar da likita? Ƙwallon ƙafa kowa malami ne a kai, siyasar gida ma haka. Alhaji fili yake nema wanda ba kowa a cikinsa sai shi.

A cikin bas ya tsince shi. Yana latse-latsen waya ya ci karo da tarihin wata tsohuwar gasar ƙasa ta biliyad mai kushin uku, wasan buga ƙwallo da sanda a kan tebur, da aka yi a Amurka tun ba a san mota ba. Hotunan suka ƙi buɗewa, amma gwani ina ruwansa da hoto? Ya hau bas yana Masawudu, ya sauka yana masani.

Ranar Juma'a a masallacin Whitechapel, mutane na neman takalmansu, ya tare su.

“Ku sinuka kuka sani, wasan yaran tasha,” ya ce. “Wannan na manya ne. Sai ƙwallo ta bugi kushin gefen tebur sau uku kafin ta kai ga 'yar'uwarta, daga nan ta wuce rami salin-alin. A gasar farko, attajirai da kwat suka shiga. Na yi research a kai sosai.”

Maganar ramin nan ba ta cikin abin da ya karanta. Shi ya cike gurbin da kansa, don mai ilimi ba ya barin zance a buɗe. Daga ranar matasa suka laƙaba masa Farfesa Kushin Uku. Ya ji, ya kuma ɗauka yabo ne.

Sai ya yi shela: zai shirya gasar ƙasa ta farko ta 'yan Arewa mazauna Birtaniya, ranar zaɓe, a zauren ƙungiya. Kowa ya ga wanda ya kafa tarihi, sannan a ɗaga hannu.

Tebur ne ya so ya ba shi wahala, har aka kwatanta masa wani dattijo Baturke mai gidan shayi a arewacin London. Tsohon ya daɗe yana neman wanda zai kula wasan nan tare da shi. Da ya ji Alhaji na zuba tarihi, har ƙwalla ya kawo. Ya ce teburin mahaifinsa ne, bai taɓa ba kowa aro ba, amma masani irin wannan ba a hana shi. Ya tura ma'aikata suka kai zaure suka haɗa.

Alhaji ya yaye mayafin. Ya zagaya teburin. Ya sake zagayawa. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Shimfiɗa sumul, gefe a rufe ruf, ba rami ko na shigar kiyashi.

Tausayi ya kama shi. Ashe bawan Allah nan, tun zamanin mahaifinsa, tebur da ba a ƙarasa ba suke fama da shi, kunya ta hana shi faɗa.

Matarsa Hajiya Jamilatu, wadda ta zo share zauren, ta ce, “Alhaji, ka kira mai shi ka tambaya mana. Kayan aro ne fa.”

“Hajiya, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. In na kira shi na tona masa asiri. Surprise zan yi masa.”

Ya ɗauko Dokas, wani magini ɗan Jos da ke Peckham. Dokas ya ƙwanƙwasa saman teburin ya ce, “Oga, dutse ne fa a ƙarƙashin ƙyallen nan. Ka tabbata?” Alhaji ya ce ai shi ya sa ya kira ƙwararre. Injin yanka ya yi ta kuka har la'asar. Ramuka shida suka fito, huɗu a kusurwa, biyu a tsakiya. Gyaran gangar Auzinawa ya kammala.

Ranar gasa zaure ya cika. Farfesa ya sha babbar riga da safar hannu fara, sanda a kafaɗa. Babban baƙo, dattijo Baturke, ya shigo da kwalin alewa yana murmushi. Idonsa ya sauka kan tebur. Murmushin ya tafi. Ya ajiye kwalin a hankali, ya sa yatsa cikin rami ɗaya, ya tambaya da Turanci wa ya yi wannan.

Alhaji ya tako gaba, ƙirji a waje, ya juya wajen jama'a don kowa ya ji.

“Ni ne. Kuma don Allah kada ka gode mini. Aikin masana ne su ƙarasa abin da na baya suka bari.”

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce wannan wasa ba shi da rami, bai taɓa yin rami ba, rashin ramin ne ma ya raba shi da sinuka. Ya shafa ƙyallen kamar mai shafa kan mara lafiya, ya ce su riƙe teburin, shi ba zai iya kallonsa a gidansa ba. Ya fita.

Ba a yi gasa ba. Zaɓe kuwa an yi, kuma hannun Dakta Almu ne kaɗai bai tashi wa Dakta Almu ba, don shi mutum ne mai kunya.

Teburin yana nan a zaure, nauyi ya hana a fitar da shi. A wani bikin suna mata suka gano kowane rami yana riƙe gorar zoɓo daram, ko yara sun bangaje ba ta faɗuwa. Hajiya Jamilatu da kanta ta shaida cewa tun da mijinta ya zo London, ba ta ga aikinsa da jama'a suka amfana da shi ba sai wannan.