Ƙwaryar Gwaggo Tabawa da Rijiyar Honarabul

Honarabul Tanimu Gajere ba mugun mutum ba ne, a dai faɗi gaskiya. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya tuna hanyar garinsu sai ya ga an fara manna hotunan 'yan takara a bango. Daga kansila ya faro, ya haye majalisar dokokin jiha, ya yi zango biyu a kan kujera, har abokan aikinsa suka ɗora shi shugabancin kwamitin ruwan sha, wataƙila don sun lura ba ya rabuwa da gorar ruwan roba mai sanyi. A zauren majalisa kuwa ba a san shi da hayaniya ba. In an kawo ƙudiri ya goyi baya, in an janye ƙudirin ya goyi bayan janyewar.

Ana nan sai zaɓe na uku ya ƙarato, hankalin Honarabul ya tashi. Akwatin da ya fi kowanne cika a mazaɓarsa na garinsu ne, Tungar Marke, kuma mata ke cika shi. Matan nan ba sa dangwala wa kowa sai wanda Gwaggo Tabawa ta nuna, wata tsohuwar ungozoma da rabin garin a hannunta suka faɗo duniya, har da shi Tanimun. To, bana Gwaggo ta aika masa cewa atamfa ta ishe su, sabulu da taliya ma an gode. Ruwa suke so. Sun gaji da shan kududdufin bayan gari tare da shanu. In babu rijiyar burtsatse kafin zaɓe, ya nemi ƙuri'a a wani garin.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Honarabul ya ce shi zai fafe. Ya ba ƙanin matarsa Hashimu kwangila, mutumin da ko ramin shuka bai taɓa haƙawa ba. Aka kawo inji aka yi ta gurnani, aka ci karo da dutse, ko danshi ba a gani ba. Sai dai an kafa tanki a sama an shafe shi da launin jam'iyya, an jera famfuna, an rubuta sunan Honarabul da manyan baƙaƙe yadda makaho ma zai shafa ya karanta.

Da Hashimu ya kai masa labarin dutsen, Honarabul ya dafe kai, zufa ta karyo masa duk da sanyin ofis.

"Yaya, kwantar da hankalinka," in ji Hashimu. "Ai kamara famfo take ɗauka, ba ta leƙa ƙarƙashin ƙasa. Ranar da gari ya watse zuwa cin kasuwa sai mu kawo motar ruwa mu cika tankin. A ƙaddamar, a yi tafi, a yi zaɓe. Bayan nan sai a ce inji ya lalace."

Honarabul ya ga dabarar ba ta da kyau, amma ya ga faɗuwa zaɓe ta fi ta muni. Ya ce, "To, amma ka ɗebo mai kyau daga birni."

"An gama, Yaya."

Ranar ƙaddamarwa garin ya cika ya batse. Ga makaɗa, ga maroƙa, ga 'yan jarida da kamarorinsu, ga mata sun yi layi da bokitai da tuluna har bakin masallaci. Bayan an ci an sha a gidan dagaci, Honarabul ya fito cikin babbar riga tana ƙyalli, ya karɓi lasifika ya ce daga yau Tungar Marke ta yi ban kwana da kududdufi, kuma masana sun gwada ruwan rijiyar nan sun ce ya fi na roba. Ya yanke ƙyalle, ya yi bismilla, ya murɗa famfo. Ruwa ya zubo shaa. Mata suka rangaɗa guɗa, shi kuma ya sauke ajiyar zuciya, a ransa yana sa wa Hashimu albarka.

Abin da ya manta, saboda daɗewar rabonsa da garin, shi ne al'adar Tungar Marke game da sabuwar rijiya. Ba mai ɗiba sai wanda ya haƙa ta ya fara sha, a sabuwar ƙwarya, daga hannun macen da ta fi kowa shekaru. Sai ga Gwaggo Tabawa ta taso tana dogara sanda, ta tara ƙwarya ta cika fal, ta miƙo masa da hannu biyu cikin ladabin da ya fi zagi ciwo.

Honarabul ya leƙa ƙwaryar. Ruwan kamar shayin da aka yi wa rowar madara. Wani wari ya bugi hancinsa, warin da ya sani tun yana kai jakin babansa shan ruwa. A tsakiya kuma ga wani jaririn kwaɗo yana ta kaɗa wutsiya abinsa. Ya ɗaga ido yana neman Hashimu, ya hango shi can bayan rumfa ya kafa waya a kunne yana magana da wanda bai kira shi ba. Nan take ya gane. Hashimu ya auna nisan birni da tsadar mai, ya karkata motar zuwa kududdufin bayan gari.

Ya yi murmushin dole ya ce, "Gwaggo, ai sabuwar rijiya haka take farawa. A bari ya ɗan kwanta tukuna."

"Haka ne," in ji Gwaggo. "Rijiyar zamani ce, har da kwaɗonta take zuwa. Bismilla."

"Wato, Gwaggo, yau azumin nafila nake yi."

"Ikon Allah. To kazar da ka gama da ita yanzu a gidan dagaci, sahur ce?"

Dariya ta fara tashi daga layin mata. Masu kamara suka matso. Honarabul ya ga in ya ƙi sha akwatin Tungar Marke ya tafi, in ya sha kuma cikin nan nasa da ya saba da ruwan roba ba zai yafe masa ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya sunkuya kusa da kunnen tsohuwar, ya manta lasifika na hannunsa, ya ce, "Gwaggo, don girman Allah ki rufa mini asiri. Ruwan nan zai iya kashe mutum."

Gwaggo Tabawa ta ƙara tura masa ƙwaryar har ta taɓa gemunsa, ta ce, "Sha abinka, ɗana, ba ya kisa. Mantuwa kawai yake sawa. Ka ga ai shi muka sha muka sake zaɓenka."