Bangon da Ya Bushe Daga Sama

Wani ne danshi ya kama bangon ɗakin kwanansu. Fenti ya kumbura yana ɓarewa, ƙasan bangon ya yi baƙi, ɗakin sai warin tsumma. Kullum matarsa tana magana, kullum yana cewa zai duba. Ran nan ta buɗe durowa ta tarar funfuna ta cinye mata zannuwa huɗu da takalmin fita unguwa. Ba ta yi faɗa ba. Ta haɗa abin da ya tsira a jaka, ta ce ta tafi gidan yayarta, ranar da bango ya bushe ya je ya ɗauko ta.

Kwana biyu mutumin nan yana cin ƙonannen girkinsa, a na uku ya nemo magini.

Magini ya zo da wata 'yar na'ura kamar wayar hannu, da allurai biyu a kanta. Ya tsuguna ya soka a gindin bango, lamba ta fito: talatin da biyar. Ya ce busasshen bango bai kamata ya wuce sha biyar ba. Zai bar masa na'urar mako guda, ya riƙa aunawa kowace safiya. In lamba tana sauka, ruwan sama ne ya shiga, zai bushe da kansa. In ta tsaya ko ta hau, to bututun banɗaki ne ya fashe a ciki, sai an fasa bango. Ya ɗauki fensir ya yi 'yar alama inda ya soka, ya ce nan zai riƙa sokawa. Mutumin bai ji wannan ba. Tun daga "fasa bango" kunnensa ya toshe.

Washegari ya zo tsugunawa, bayansa ya ce bai yarda ba. Sai ya ɗan ranƙwafa ya soka daidai gwiwa. Ashirin da tara. Nan take ya kira matarsa ya ce an samu ci gaba, shida ta tafi a dare ɗaya. Ta ce to, madalla.

Kashegari bai ma ranƙwafa ba, ya soka daidai ƙugu. Ashirin da huɗu. Ya sake kira. Ta tambaye shi ko warin ya ragu, ya ce shi yanzu da lamba yake aiki, ba da hanci ba.

Rana ta uku ya sake sokawa a ƙugu, sai ga ashirin da shida. Ya jona dutsen guga ya goge wurin tas kamar rigar fita. Lamba ta sauka. Kafin ya gama shan shayi ta dawo, har da ƙarin ɗaya. Ya zauna bakin gado ya yi tagumi, ya yi ta tunani, can sai ya gano bakin zaren: duk ranar da ya ɗaga hannu lamba sauka take yi, ranar da bai ɗaga ba kuwa sai ta hau. Ashe na'urar ce ba ta son ƙasa. Ya miƙe ya soka daidai kafaɗa. Ashirin. Ya ce yawwa, ai magini ne bai iya riƙe kayansa ba.

Daga nan aiki ya tafi daidai. Rana ta huɗu ya yi ɗage, sha takwas. Ta biyar ya hau kujera, sha shida. Ta shida ya jawo tebur ya ɗora kujerar a kai, ya hau, kansa na gogar silin, ya soka a can ƙuryar sama. Sha biyu. Bai ko sauko ba ya kira ta daga can.

"Maman yara, haɗa kayanki. Bango ya bushe har ya wuce yadda ake so."

Ya kira magini ma, ya ce lamba ta sauka sha biyu, gobe ya zo ya karɓi na'urarsa, ya taho da fenti.

Washegari suka iso kusan tare. Matar na sa ƙafa a ɗakin, darduma ta ce caɓal. Ta ɗaga ƙafar ta duba, ta dube shi. Ya ce kada ta damu, wannan ƙasa ce, ba bango ba. Magini kuwa ya tsaya yana kallon 'yan hujoji bibbiyu da suka jeru tun daga gwiwa har silin, kamar sawun tururuwa. Ya karɓi na'urar, ya tsuguna kan alamar fensirinsa ya soka. Na'ura ta yi ƙara, jar wuta ta kama, lambar ma ta ƙi tsayawa.

"Malam, ina ka samo sha biyun nan?"

Mutumin ya nuna sama, ya ce in bai yarda ba ga tebur ga kujera, ya hau ya gani da idonsa.

Magini ya ce ai daga ƙasa ruwan yake tasowa, tun farko nan ya ce a riƙa aunawa. Bututu ne, yau za a fasa.

"Haba magini, kai ma da wani abu. Wa zai soka na'ura cikin ruwa ya sa ran ta ce masa a bushe? Ni inda za a samu lamba mai kyau na nema, kuma na samu."

Matar ba ta ajiye jakarta ba dama. Ta gyara mayafi, ta ɗaga kai ta kalli ƙuryar silin ɗin, ta juya ta nufi ƙofa. Ya bi ta yana cewa ai ta yi alkawari, in bango ya bushe za ta dawo, kuma ga shi rabinsa na sama ya bushe.

Ta ce, "Ban karya alkawari ba, Baban yara. Ka rataye mana gadon a can, in ka gama ka kira ni."