Layar da Korau Ya Ɗinka wa Inna

A garinmu akwai wani gida a bayan masallacin Juma'a, mutum biyu ne kawai a ciki: Inna Tabawa da autanta Korau. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka duk abin da zan faɗa da idona na gani, ko kuma bakin Inna ne ya gaya mini. Korau ba mugu ba ne. Ciwonsa ɗaya, in ka ce masa yi kaza, to kazan zai yi, ba ragi ba ƙari. Yayarsa Delu kuwa girki take yi a wani ƙaton jirgin ruwa mai yawo da masu hutu, shekara tara rabonta da mahaifiyarta. Sai ga saƙo cewa jirgin zai tsaya Legas wuni ɗaya tak, kuma ta samar wa Inna ɗaki na mako guda a cikin jirgin. In jirgi ya tashi ba Inna, sai kuma wata shekarar, in da rai.

Wata rana Delu ta bugo waya ta ce, "Korau, ka saba wa Inna da ruwa, kada jiri ya kwashe ta." Da hantsi na ji salati, na leƙa. Ga tsohuwa zaune a cikin bahon wanki, ruwa har ƙugu, Korau na jijjiga bahon da iya ƙarfinsa.

"Korau, ka bar ni haka, na saba."

"Da saura, Inna. Har yanzu kina riƙe baki."

Kwana huɗu ana wannan aiki, duk unguwa muka ƙoshi da dariya.

Wata rana Delu ta ce, "Je ka tasha ka zauna a kujerar gaba ta motar Legas, kada ka tashi sai Inna ta zo." Ta manta ba ta faɗi rana ba, alhali saura mako guda. Korau ya je ya zauna. Mota ta cika, direba ya yi lallashi, ya yi zagi, ya gaji ya ja mota. Har Legas aka kai shi aka dawo da shi, sau biyu, yana nan daram. Sallah ma a zaune ya yi ta. Sai da Inna ta je tashar da kanta sannan ya tashi.

Wata rana Delu ta ce, "Fasfo da tikiti, kada su rabu da jikin Inna ko na minti ɗaya." Korau ya kwashe su sai rumfar baduku. Aka naɗe su a jar fata, aka ɗinke ruf kamar laya, ya rataya wa Inna a wuya. Ranar kam raina ya ɓaci. Na ce masa, "Kai, wa ya taɓa ɗinke fasfo?" Ya ce, "Baba, Yaya ce ta ce."

Ranar tafiya suka isa Legas ana tsuga ruwan sama. A bakin tashar jiragen ruwa ɗan dako ya zame, jakar Inna ta faɗa kwata, komai ya jiƙe jagab. Wani attajiri da ke gabansu a layi ya ciro nasa takardun sun zama kamar kunu, aka ce ya koma gefe. Ga jirgi yana ta busa.

Ma'aikacin da ke duba takardu ya ce, "Mama, fasfo."

Korau ya farke ɗinkin da reza. Takardu suka fito a bushe ƙayau, har da ƙanshin fata. Ma'aikaci ya miƙo hannu, Korau ya riƙe.

"Ranka ya daɗe, sai dai ka duba a jikinta."

Haka mutumin nan ya sunkuyo ya buga hatimi, fasfo na jingine a kafaɗar Inna.

Delu ta sauko da gudu da rigar girki, ta rungume uwarta, suka yi ta kuka. Shekara tara ba wasa ba ce. Da za su hau, ta juyo ta ce, "Korau, ka jira mu a..." Sai ta kama bakinta, ta tuna da wa take magana.

"Koma gida. Ka ci abinci, ka yi barci, kuma in gari ya waye ka tashi."