Ranar da Na Yi wa Hannun Jarina Ruƙiyya

Ba zan taɓa mantawa da damanar da na zama "mai kamfani" ba, ni da ban wuce firamare ba, ban kuma taɓa mallakar abin da ya fi keken ɗinki ba. Lokacin ne gwamnatin soja ta ce kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari. Ina da 'yar rumfata ta ɗinki a kasuwar Taminus, ina ta tarin kuɗin keke na biyu.

Maƙwabcina a unguwar Rikkos, Oga Bitrus, wanda akawu ne a wata ma'aikata, shi ya kawo maganar. Ya kwance bayan rediyonsa, ya nuna mini wata 'yar aba baƙa kamar ƙwayar wake mai ƙafa uku.

"Tela, ka ga wannan? Transista ke nan, ita ke magana a ciki. Kafin yaranmu su girma, agogo, mota, har keken nan naka, sai da ita. Akwai kamfanin da ke haɗa rediyo a bayan gari. Ka zuba kuɗinka, ka manta da su shekara goma."

In manta! (Ni ne fa wanda ke kulle rumfa, in kai bakin titi, in dawo in ja kwaɗon.) Amma na zuba, duka. Daga ranar barci ya ƙaurace mini. Na je wurin limamin unguwarmu na tambaye shi ko halal ne. Ya ce, "In abin da suke yi halal ne, ba laifi. To, ka san abin da suke yi?" Ban taɓa gani da idona ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar na hau kekena na hawa na nufi kamfanin, ban gaya wa kowa ba. An yi ruwa an ɗauke, hazon damina ya sauko kan duwatsu, sanyi na shiga ƙashi. Ginin yana gefen wani kududdufin da masu haƙar kuza suka bari, ruwansa kore, ko motsi babu. Irin wanda ake cewa in ya karɓi mutum ba ya mayarwa. Ba maigadi, ba kare, ba tsuntsu. Ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo a waje.

Na kara kunne. Sai na ji su.

Ba murya ɗaya ba ce. Jama'a ce mai yawa, baki ɗaya, numfashi ɗaya, ƙasa-ƙasa: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un..." Suka ambaci sunan wani, suka ce za a yi jana'izarsa. Na leƙa ta kafar ƙofa, duhu kawai. Suna cikin jero 'ya'yan da ya bari, sai suka yi ɗif a tsakiyar kalma. Ruwan kududdufin ya yi wani ɗan zagaye, ban ga abin da ya taɓa shi ba.

Yadda na iso gida, keken ne ya sani.

Na kwana biyar ina juya abin. Ashe da aljanun kududdufi ake cika rediyo, kuma da guminmu ake ciyar da su. In na yi shiru, alhakin duk wanda ya zuba kuɗi yana wuyana. Ranar Asabar kamfanin ya gayyaci sabbin masu hannun jari su ga aiki. Na karɓo ruwan tofi a kwalba na sa a aljihu.

Mun taru da yawa: alhazai, malaman makaranta, wani fasto, matan kasuwar Farin Gada da gwaggwaronsu. Manajan, wani dogo mai nakatayal ɗaure a wuya, ya kai mu ƙofar nan. Na sha gabansa.

"Ranka ya daɗe, jama'a, kada wanda ya shiga! Na ji su da kunnena!"

Oga Bitrus ya ja rigata. "Tela, lafiya? Zo nan, don Allah."

Manajan ya yi murmushi, ya tura ƙofa, ya danna wani abu a bango. Nan take muryoyin suka tashi. Ban tsaya dubawa ba. Na runtse ido, na ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu, na shiga watsa ruwa hagu da dama.

Da na buɗe ido, ga rediyoyi jere a kan dogon teburi daga bango zuwa bango, duk a tasha ɗaya, suna tallan sabulu. Biyu na gaba suna ɗigar ruwa, haka ma nakatayal ɗin manaja. Ya share fuska, ya yi bayani cikin ladabin da ya fi mari zafi: sabon rediyo sai an bar shi a kunne ya wuni, mai lalacewa ya lalace tun kafin ya je kasuwa.

Wata daga cikin matan ta ce, "Malam, saura kaɗan a kwalbar? Zo ka yi wa tumatirina, yana saurin ruɓewa." Har faston sai da ya riƙe ciki don dariya.

Ban iya komawa wani taron ba, don haka na sayar wa Oga Bitrus kasona a watan. Shi ya bar nasa ya yi shekarun da ya ce, ya kuwa ci moriya. Ni keken ɗinki na biyu na saya.

Amma a ranar, muna fita, wani ma'aikaci ya tambaye ni yaushe na ji su. Na ce Lahadi. Ya dube ni, ya dubi kududdufin. "Lahadi ai ba ma barin wutar lantarki a ɗakin nan." Oga Bitrus ya ce ƙila wani ne ya manta. Ƙila. Ban bincika ba, karo na farko a rayuwata.

Abin da na koya shi ne, jari irin wannan na mai iya juya baya ya tafi ne. Mai leƙen kafar ƙofa, ya tsaya ga keken ɗinkinsa, abin da zai iya rufewa da zane in magariba ta yi.